Wuƙa Daidai Hannun Inna

Akwai wani dutse a gindin randar gidanmu, baƙi, mai santsi, tsakiyarsa ta lotsa kamar cikin ludayi. Ba wanda ya sassaƙa shi. Wuƙar Inna ce ta cinye shi haka, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. In la'asar ta yi sanyi za a ɗora sanwa, sai ta tsuguna ta ɗiga masa ruwa, ta goga wuƙar ta wannan gefe, ta juya ta goga ta wancan, sannan ta taɓa kaifin da cikin babban yatsanta. Ko muna bayan ɗaki muna wasa, da mun jiyo wannan ƙarar mun san tuwo ya kusa hawa wuta.

Wuƙar 'yar ƙarama ce, duka-duka har ƙota ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Cikin kayan ɗakinta ta zo da ita ranar da aka kawo ta ƙauyenmu, a ƙasar Kiru. Mahaifiyarta ce ta sa maƙerin garinsu ya ƙera mata. Ƙotar ta icce ce, amma mai da gumi da hayaƙi sun rina ta har ba ka iya cewa ga iccen da aka yi ta da shi. Da ita take yanka kuɓewar shanya, da ita take fere kabewa da rogo, da ita take tsaga kaba in za ta yi faifai, da ita take gyara kaza in an yi baƙo. Ranar Layya akwai manyan wuƙaƙen Baba na yanka da na fiɗa, amma in aka zo kan kayan ciki, aikin da ke son natsuwa, sai ka ji ana cewa ina ta Inna. Ba ta cika ba da aronta ba. In maƙwabciya ta aiko yarinya, takan ce a kawo abin yankan ta yanka da kanta.

Ni ne ɗanta na fari, wanda kuwa ya tashi a karkarar Kano ya san abin da ke cikin wannan magana. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Yaron nan" nake tun ina rarrafe, "yaron nan" nake yau da furfura a gemuna. Ba ta hira da ni a gaban mutane, ba ta yabona, in na kwanta ciwo sai ta tura gwaggona ta duba ni, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana sauraro. 'Ya'yana da suka tashi a birni suna ganin haka su tambaye ni ko kakarsu fushi take da ni. Kunya ce ta ɗan fari, kuma abin da bakinta ba zai faɗa ba, hannunta ne yake faɗa. Rake ne za ka tarar an fere an yayyanka gaɓa-gaɓa, an bari a ƙwarya inda zan wuce. Mangwaro ne an yanke masa wurin da tsuntsu ya taɓa. Lemo ne an fere, bawonsa ya sauko zare guda tun daga sama har ƙasa bai tsinke ba. Ba mai cewa ga wanda ya ajiye. Ni dai na san sawun wannan wuƙar.

A zamanin yarintarmu ba a sayen wuƙa kamar yadda ake sayen ashana. Maƙera ake zuwa. Ta garinmu rumfa ce a bakin gari, ƙasanta baƙi ƙirin. Yaro na zaune yana danna zugazugan fatar akuya, wannan hannu na sauka wancan na tashi, gawayin ƙirya yana ja har ya koma fari, maƙerin ya zaro ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera ya bi shi da masaba. Gab da faɗuwar damina ba ka samun wurin tsugunawa, kowa ya kawo fartanya da garma gyara. Wuƙar mata aikin rani ce, sai hada-hadar manoma ta lafa. Kuma maƙerin ya san gidan da za ta. Ya san wace ce bahaguwa, ya san mai abincin sayarwa da ke son mai faɗi, ya san amaryar da ba ta saba ba, wadda za a rage wa tsini. Da kaka akan kai masa dami, ko an ba shi aiki a shekarar ko ba a ba shi ba.

Sana'ar ta daɗe a ƙasar nan. Labarin kafuwar Kano ma da maƙera ya fara, waɗanda aka ce daga Gaya suka zo neman tama suka zauna a gindin Dala. Nan kudu, a duwatsun Riruwai da ke Doguwa, mutane suna haƙar kuza suna narka ta tun Bature bai iso da injinansa ba. Kakanninmu sun riski ƙarshen narka tama, mu ba mu riska ba. Mun buɗe ido maƙera sun koma kan tsohon ƙarfen mota, musamman sifirin, don shi ƙarfe ne da aka yi shi ya lanƙwasa ya dawo, yana karɓar ruwa da kyau, yana riƙe kaifi. Aibinsa guda ne, tsatsa. In ka kwana ba ka goge shi ba, da safe ka tarar ya yi ja.

Kada kuma wani ya ɗauka jiya kayan waje suka fara shigo mana. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da ruwan takubba daga Solingen ta ƙasar Jamus da asake daga yankin Ostiriya a kasuwa, an ƙetaro da su hamada a kan raƙuma. Sai dai ruwan ne yake zuwa tsirara. Ƙota da kube a Kano ake yi masa. Ƙarfen baƙo ne, amma kafin ya isa hannun mai shi sai ya bi ta hannun wanda ya san mai shi ɗin. Wannan ne abin da na ga ya ɓace a tsawon rayuwata, kuma ban lura da ɓacewarsa ba sai da abin ya zo kan mahaifiyata.

Canjin da ruwa ya fara. An kammala madatsar Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwan Kogin Kano ya bi magudanai ya gangara Kadawa da Kura. Noman rani ya kankama, tumatir ya yi yawan da kasuwa ba ta iya shanye shi ɗanye. Duk wanda ya bi hanyar Zariya da rani ya ga abin da nake faɗa: fili ja wur a gefen titi, mata da yara sun duƙufa suna tsaga tumatir ana shanyawa ya zama kauɗa. Aikin da ke son wuƙa ashirin a yini ɗaya ba ya jiran maƙeri. Titi ya yi kyau, motoci suka yawaita, 'yan koli suka fara zuwa kasuwannin ƙauye da wuƙaƙe masu ƙotar roba, ja da shuɗi da kore, a jere cikin kwali. Da farko ta hanyar Legas muke jin ana kawo su, daga baya kowa ya san daga Sin suke. Mata suka sa musu suna 'yan silba, saboda ƙarfen ba ya tsatsa. Irin wannan ƙarfe wani mutumin Sheffield ta Ingila, Harry Brearley, ya gano shi a 1913, amma sai da ya yi shekaru masu yawa kafin ya iso madafar ƙauye.

Ba zan zage su ba, don sun yi rana. Gidan da a da wuƙa ɗaya ce ake karɓa-karɓa, yanzu kowace mace da tata. Ba sa baƙanta albasa, ba sa barin ƙarnin ƙarfe a jikin mangwaro, yarinya tana iya mantawa da su a ruwan wanke-wanke ba abin da zai same su. Amma masu arahar cikinsu ƙarfensu laushi gare shi, kwana kaɗan bakin ya kwanta, ka wasa ya sake kwantawa. Jelar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota kuma guntuwa ce, in aka matsa wa kabewa sai robar ta tsage. Daga nan sai bola, don ba mai gyara su. Araha ba ta ado, in ji masu magana. Ni abin da ya fi damuna shi ne girmansu ɗaya, ƙotarsu ɗaya, ta yarinya 'yar shekara goma ita ce ta tsohuwa 'yar saba'in.

Inna ba ta kula su ba muddin tata tana nan. Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, wuƙar nan ce a gefenta. A al'adar da ta taso a ciki, mai takaba da mai jego ba sa rabuwa da ƙarfe, ko kewayawa za su yi sai sun riƙe. Malamai sun yi ta bayani cewa wannan ba ya cikin abin da addini ya ɗora wa mace, al'adar kuma tana ta ja da baya, ban kuwa ce a dawo da ita ba. Amma har gobe in na rufe ido ina ganin Inna a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, carbi a hannun dama, wuƙar a ajiye kusa da gwiwarta. A lokacin, wasawa ta riga ta cinye ta, ta zama siririya kamar ganyen gero. Bayan 'yan shekaru ta karye daga wuya, ana cikin fere kabewa. Ƙanwata ta ce Inna ta daɗe tana kallon gutsattsarin biyu, sannan ta naɗe su a ƙyalle ta sa a kwalla.

Ban san da wannan ba sai da na je gida da Babbar Sallah ta 2023, 'yan makonni bayan an cire tallafin mai, lokacin da kuɗin mota daga birni zuwa gida ya zama abin da sai ka yi lissafi. Na durƙusa ina gaishe ta, sai idona ya faɗa kan babban yatsanta na hagu, an ɗaure da tsumma. Kusa da ita ga wata 'yar silba, ƙotar ta fashe, an naɗe ta da robar cikin tayar keke. Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mutum, don sai ka danna da ƙarfi, in ta zame kuwa ba inda za ta sai hannunka. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Amma tun a mota ina komawa na ƙudura cewa tsarabata ta gaba wuƙa ce.

A wani shago a birni na ga irin wadda ake naɗewa, ja, 'yar ƙarama, har da ɗan almakashi da abin buɗe kwalba a jikinta. Mai shagon mutumin kirki ne, bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam, wannan kwaikwayo ce. Ta asalin daga Suwizalan take, ga ta can a gilashi, amma kuɗinta daban." Kuɗin kuwa ya fi ƙarfin aljihuna a wannan watan. Na san labarin ta asalin. Wani maƙerin wuƙaƙe, Karl Elsener, ya buɗe maƙerarsa a ƙauyen Ibach a 1884, mahaifiyarsa Victoria ce ta tsaya masa. Da ta rasu a 1909 sai ya sa wa kayansa sunanta, a 1921 kuma aka haɗa sunan da kalmar da suke kiran ƙarfe marar tsatsa da ita, ya zama Victorinox. Labarin ya daɗe yana taɓa ni, don mu ma muna da irinsa a ƙofar gida. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa fataken goro, ya zama attajirin da ba kamarsa a zamaninsa, amma sunan da duniya ta san shi da shi na tsohuwar da ta raine shi ne, Tata, bayan mahaifiyarsa ta tafi Ankara, wato Accra. Ni da Inna ba mai kiran sunan wani. Sai na ji kamar in na kai mata wuƙa mai kama da wadda aka sa wa sunan uwa, na faɗi wani abu da ban taɓa iya faɗa ba. Na biya, aka sa mini ita a 'yar kwalinta.

Da na je gida, ta hannun ƙanwata na miƙa, kamar yadda aka saba. Inna ta jujjuya ta, ta kai kusa da ido, ta ce, "Ke, ina bakinta?" Na matso na buɗe, na fito da almakashin, na mayar. Ta ce, "Ikon Allah." Sannan ta dubi ƙanwata ta ce, "Ce wa yaron nan Allah ya yi albarka, Allah ya ba shi masu yi masa." Na koma birni zuciyata fari ƙal.

Wata uku ko huɗu bayan nan muna waya da ƙanwata na tambaye ta ko wuƙar tana ci. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ai Inna ba ta iya buɗe ta."

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Irin wannan wuƙa da farce ake zaro bakinta, akwai ɗan tsagi da aka yi don haka. Farcen Inna ya yi kauri ya gajarce, yatsun kuma sanyin ƙashi ya tanƙwara su, idon ma ba ya ganin tsagin sai a rana. Ranar da jika ya buɗe mata ta gwada yanka albasa, ƙotar ta yi mata siriri da santsi, ta danna ta baya, bakin ya nemi naɗowa kan yatsunta. Ruwan albasa ya shige cikin gaɓar, washegari ta ƙara tauri. Kuma sunanta wuƙar aljihu, Inna kuwa zane take ɗaurawa, abin da take da shi lalita ce, ita ma ta kuɗi da goro ce. Sai ta goge ta tas, ta mayar cikin kwalinta, ta sa a kwalla kusa da karyayyar. In baƙi sun zo takan fito da ita ta nuna, ta ce tsarabar yaron nan ce daga birni. Aiki kuwa ta koma yi da mai robar keke. Ta kuma hana kowa ya gaya mini.

Na daɗe zaune bayan mun ajiye waya. Da idona na zaɓi wannan wuƙa, da labarin da ke kaina, da kuma hannun Inna na shekara talatin da suka wuce, wanda yake fere lemo zare guda. Hannunta na yau ban san shi ba. Kunyar nan ta ɗan fari ba ita kaɗai take yi ba, ni ma ina yi. In na je gaisuwa kaina a ƙasa yake, in gama in tashi. Na san muryarta, na san tarinta da asuba, amma rabon da in zauna in kalli hannunta yana aiki har na manta.

Da na koma gida bayan kaka, sai na nemi dalilin zama a tsakar gida. Na ɗauko kujera na ce zan gyara wa yara fitila. Tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ni kuma ina satar kallo. Yatsun ba sa rufewa gaba ɗaya, in ta dunƙule hannu akwai sarari a tsakiya da ƙwai zai iya zama. Ƙarfin ya koma tafin hannu da gindin babban yatsa. In za ta ɗauki abu ƙarami sai ta turo shi da gefen hannu zuwa bakin faifai tukuna. Da dare na roƙi ƙanwata ta ɗauko mini karyayyar wuƙar daga kwalla, da alkawarin zan dawo da ita kafin a farga.

Maƙerar garinmu ta daɗe da mutuwa. Tsohon ya rasu, babban ɗansa ya koma walda, yana yin ƙofofi da tagogi a bakin titi, kuma ba laifinsa, nan abincin yake. Aka ce in nufi Tudun Wada, ƙasar shinkafa, inda har yanzu lauje yake da kasuwa. Na hau mota daga Kwanar Ɗangora, hanyar nan da ke ratsa dajin Falgore ta wuce Doguwa ta nufi Jos. A bayan 'yan hatsi na same su, rumfuna kaɗan a jere. Zugazugan fata sun tafi, yanzu ƙafar keke ce aka haɗa da 'yar fanka, yaro yana juyawa da hannu ɗaya. Amma ƙamshin gawayi da ƙarar masaba suna nan yadda na bar su.

Na yi sallama ga wanda ya fi su shekaru, na kwance ƙyallen na ajiye a gabansa. Ya ɗauki gutsattsarin ya haɗa su, ya duba ta wannan gefe ya duba ta wancan.

"Wannan ta ci abincinta," in ji shi. "Mai ita da dama take aiki, kuma dutse ɗaya take wasa ta. Ta wa ce?"

"Ta mahaifiyata ce, Baba."

"Allah ya ƙara mata lafiya. Irinta kake so?"

Na ce irinta sak. Ya girgiza kai. "Wannan an yi wa yarinya ce. Yanzu hannun yana rufewa?"

Tambayar da ban yi wa kaina ba a shagon birni, ita ce ta farko a bakinsa. Na dunƙule hannuna na nuna masa iya inda nata yake tsayawa. Ya miƙo mini guntayen itace uku, ya ce in riƙe kowanne yadda na ga tana riƙe abu, in faɗi wanda ya cika sararin. Na zaɓi na tsakiya. Ya ce to ƙota za ta yi kauri amma icce marar nauyi, kuma ba zai goge ta ta yi santsi ba. Ruwan zai gajarta, ya fi tsohon faɗi, bayansa da kauri yadda za ta ɗora babban yatsa ta danna ba tare da ya ci mata fata ba. Tsinin kuma zai kashe shi, tunda ido ya yi rauni. Na ce kada ta yi ƙanƙanta. Ya ce, "Ɗana, wuƙar fiɗar giwa ba girma ba, kaifi."

Na zauna a kan wani kututture na ga aikin daga farko har ƙarshe. Ya datso ɗan guntu daga sifirin, ya sa a wuta har ya yi ja, ya buga, ya mayar, ya buga. A hankali ƙarfen ya miƙe ya fitar da jela doguwa, wadda za ta ratsa ƙotar har ƙarshe. Da siffa ta fito ya bi ta da magagari. Wurin ban ruwa ne ya daina magana. Ya sa yaron ya rage juyi, ya zuba wa ƙarfen ido yana jiran wani launi da shi kaɗai ya sani, sannan ya tsoma bakin cikin ruwa, ya ɗaga, ya sake tsomawa. Daga baya ya ce mini in ruwan ya yi yawa wuƙa takan yi gautsi ta karye, in ya yi kaɗan ba ta riƙe kaifi, kuma wannan ba a koya shi da baki. Ya ƙona jelar ya zura ta cikin ƙotar, hayaƙi ya tashi, ya lanƙwasa ƙarshenta ta baya ya daddake. Ya aske gashin damtsensa da ita ya nuna mini. Wani baduku a rumfar gaba ya ɗinka mata kube na jar fata, da 'yar igiya ta ratayewa a ƙusa.

Kuɗin wuƙar da kuben duka bai kai abin da na biya mota zuwa da dawowa ba. Na ƙara masa wani abu a kai, ya karɓa ya yi addu'a. Na tambaye shi ko yaron da ke juya fankar ɗansa ne. Ya ce jika ne, yana zuwa in an tashi daga makaranta, amma hankalinsa yana kan gyaran waya. Ya ce ƙirya ma ta yi wuya, gawayin da ake samu yanzu ba ya riƙe wuta kamar na da. Bai faɗa da ƙorafi ba, yana faɗa yana jawo laujen wani.

Da zan taho na naɗe ta a takarda na cusa can ƙasan jaka, ƙarƙashin kaya. Na tuna Baba, wanda ba ya fita gona ko kasuwa sai da wuƙa a damtse, cikin kubenta, kuma ba wanda ya taɓa kallonsa sau biyu. Kayan aikin namiji ce a lokacin, ta yankan igiya da sassaƙar ƙota da yanka dabbar da ta faɗi kafin ta zama mushe. Yau faɗan daba da ƙwacen waya sun ɓata wa wuƙa suna a Kano, har mutumin kirki yana fargabar a buɗe jakarsa a shingen hanya a ganta. Na san iyayen da wuƙa ta raba su da 'ya'yansu a kan waya, saboda haka ban ga laifin masu binciken ba. Amma zuciyata ta yi nauyi da na ga ina ɓoye tsarabar mahaifiyata kamar kayan sata.

Wannan karon ban ba ƙanwata ba. Bayan la'asar na sami Inna a tsakar gida, na durƙusa, na zare wuƙar daga kube na ajiye a kan tabarma, ƙotar tana fuskantarta. Na ce, "Inna, ga wannan ku gwada. In ba ta yi ba a sake wata."

Ba ta dube ni ba. Ta turo ta da gefen hannu, ta kama. Na ga yatsun sun zagaye ƙotar sun zauna, ba sarari. Ta ɗaga ta, ta sauke, ta ɗora babban yatsa a bayan ruwan, daidai inda maƙerin ya bar masa wuri. Ta daɗe a haka. Sannan ta taɓa kaifin, ta juya wajen ƙanwata.

"Ke, wanda ya yi wannan ya san aiki. Amma bai gama wasa ta ba."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta taka a hankali zuwa gindin randa, ta tsuguna, ta ɗiga ruwa a kan dutsen. Ina nan durƙushe a inda nake ƙarar ta fara.

Jar wuƙar birni tana nan a kwalla, ita da karyayyar da ƙanwata ta mayar a daren, kuma har yanzu ita ake nuna wa baƙi. Washegarin ranar da na kai mata sabuwar, da asuba na fito zan kama hanya, na tarar da leda a kan takalmina a ƙofar ɗaki, lemo huɗu a ciki, an fere su tas. Bawon yana rataye a jikin zana, inda take shanya shi don hayaƙin sauro. Na tsaya na duba. Uku sun tsinke, wani sau biyu, wani sau uku. Na huɗun ya sauko zare guda.